Tara Kalmomi Domin Jarrabawar Aji Uku na Ƙaramar Sakandare

Jarrabawar da ake kira BECE ita ce ke rufe shekara tara na ilimin bai-ɗaya a Najeriya, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kamar yadda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tsara. Hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999 take kuma da hedikwata a Minna, ita ke shirya wa makarantun gwamnatin tarayya da sauran makarantun da suka yi rajista da ita. Jihohi kuma kowace na shirya tata ta hannun ma'aikatar ilimi. 'Yan aji uku ne ke rubuta ta wajen ƙarshen shekarar karatu. Da sakamakonta ake wucewa babbar sakandare, a makarantu da dama kuma da shi ake duba wanda za a tura ajin kimiyya da wanda za a tura wani ɓangaren. A Ghana akwai jarrabawa mai wannan suna wadda WAEC ke shiryawa, a Jamhuriyar Nijar kuwa takwararta ita ce BEPC, da Faransanci ake yin ta.

Darussan suna da yawa, amma harshe ɗaya ya ɗaure su. In aka cire takardun harsuna kamar Hausa da Larabci da Faransanci, duk sauran da Turanci ake tambaya, da Turanci ake amsawa. Saboda haka yaron da ya tashi cikin Hausa jarrabawa biyu yake yi a kan takarda ɗaya: ta darasin da ke gabansa, da ta harshen da aka rubuta tambayar da shi. Ga misali daga lissafi. An ce wa yaro ya nemo “product” na 12 da 4. Ya iya sau tun yana firamare, in aka tambaye shi da Hausa nan take zai ce 48. Amma bai san cewa a bakin masu lissafi wannan kalma tana nufin sakamakon sau ba, sai ya tara lambobin ya sami 16. Masu shirya tambayoyi kuwa sun san irin wannan kuskure, shi ya sa galibi zai tarar da 16 tana zaune cikin amsoshi huɗu ko biyar da aka jera masa. Ya zaɓe ta da kwanciyar hankali, maki ya tafi. A takardar sakamako za a ga ya faɗi lissafi, alhali kalma ce ta kayar da shi.

Asalin matsalar ba ɓoyayye ba ne. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi a wancan lokaci a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, daga baya a koma Turanci. Yaron Gumel ko Illela ko Malumfashi yakan ji Turanci ne a cikin aji kawai. A gida Hausa, a kasuwa Hausa, a filin ƙwallo Hausa. 'Yan sa'o'in nan na makaranta su ne duk rabonsa da harshen da za a auna shi da shi. Wannan ba aibin Hausa ba ne, ba kuma rashin basirar yaro ba ne. Yana nufin dai kalmomin da wani yaro ke tsinta a kan hanya ba da saninsa ba, shi sai an shirya masa hanyar samunsu da gangan.

To, kalma nawa ake bukata? Masu binciken koyon harshe sun daɗe a kan wannan tambaya. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand, tare da wata abokiyar aikinsa, sun nuna a shekarar 2000 cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke cikin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Adadin yana da ban mamaki har sai an yi lissafinsa. A labarin auna fahimta mai kalma 200, kashi 98 na nufin kalma huɗu kacal ne baƙi ga yaro, sauran labarin zai iya haska masa ma'anarsu. In kuwa kashi 90 ya sani, wanda a kunne kamar ya yi ƙoƙari, to kalma 20 ke nan bai sani ba, ɗaya cikin kowace goma, kusan kowane layi da ramin da zai faɗa. A irin wannan hali ba fahimta yake yi ba, canka yake yi.

Abin da ke sanyaya rai shi ne kalmomin harshe ba su yi daidai da juna wajen yawan aiki ba. Kaɗan daga cikinsu ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Michael West, wani malamin Ingila da ya yi shekaru yana koyarwa a yankin Bengal, ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 a 1953, waɗanda su ne suka fi yawo a Turanci, kuma su kaɗai sukan cike wajen kashi 80 na rubutun yau da kullum. Dattawan da suka yi firamare a Najeriya shekarun baya suna tuna sunan wannan mutum saboda ƙaramin ƙamus ɗinsa, wanda ya bayyana dubban kalmomi da kalmomi masu sauƙi ƙasa da 1,500. A shekarar 2000 kuma Averil Coxhead ta tattara iyalan kalmomi 570 da, in an cire na jerin West, suka fi fitowa a littattafan karatu na fannoni daban-daban. Darasin da ke cikin waɗannan ayyuka biyu ɗaya ne: yaron aji uku ba ya bukatar ƙamus gaba ɗaya a kansa. Yana bukatar 'yan dubban kalmomi da aka zaɓa da hankali, waɗanda ya sani sani na haƙiƙa.

Wajen zaɓen, akwai rabe-raben da Isabel Beck da abokan aikinta suka kawo a Amurka a 2002, wanda ya dace da ajin Arewa ƙwarai. Sun kasa kalmomi hawa uku. Hawan ƙasa kalmomin yau da kullum ne, irin su gida da ruwa da gudu. Hawan sama kalmomin fanni ne, kamar sunayen sassan fure a kimiyya ko sunayen siffofi a lissafi, waɗanda malamin darasin yakan rubuta a allo ya bayyana domin ya san baƙi ne. Hawan tsakiya shi ne wanda ake mantawa da shi. Kalmomi ne da ba a cika ji a hira ba, amma suna cike da littattafai da takardun jarrabawa, ba na wani darasi guda ba ne, saboda haka kowane malami yana zaton wani ya riga ya koyar da su. A nan ne “cause” da “effect” suke, da “increase” da “reduce”, da “method” da “source” da “feature”. Yaro yana iya haddace ma'anar zaizayar ƙasa tsaf, a tambaye shi “effects” nata ya kawo abubuwan da ke haddasa ta, domin bai bambance sanadi da sakamako a Turanci ba.

Cikin wannan hawa na tsakiya akwai wasu da ya kamata a ba su matsayi na musamman, su ne kalmomin umarni da ake buɗe tambaya da su. “List” jerowa take so, ba bayani. “Explain” bayani take so har da dalili. “Compare” tana so a ajiye abu biyu gefe da gefe a nuna inda suka yi kama da inda suka saɓa. “State” kuwa ta sha ruɗa yara, domin sun fara saninta da ma'anar jiha, kamar Kano ko Sakkwato, alhali a farkon tambaya cewa take a faɗi abu a taƙaice. Waɗannan ba su fi ashirin ko talatin ba, ana iya gama koyar da su cikin zango ɗaya, amma a kowace takarda sai sun fito. Haka nan ƙananan kalmomin da ke juya zance, irin su “except” da “unless” da “although” da “however”. Kalma ɗaya daga cikinsu tana iya kifar da tambaya baki ɗaya, ta mai da amsar da take daidai ta zama kuskure. Sai kuma kalmomi masu fuska biyu: “table” tebur ne a ɗaki, jadawali ne a lissafi, “volume” ƙarar rediyo ce a gida, girman cikin abu ne a kimiyya, “capital” babban birni ne a wani darasi, jari ne a darasin kasuwanci. Yaron da ya san fuska ɗaya yana cikin haɗari fiye da wanda bai san kalmar ba sam, domin shi ba ya ko shakka.

Wannan ya kawo zancen abin da ake nufi da sanin kalma. Iya faɗin fassararta mataki ne na farko kawai. Akwai yadda ake furta ta, akwai yadda ake rubuta ta, akwai kuma kalmomin da take tafiya da su. Bahaushe ya san wannan a harshensa ba tare da an koya masa ba. Ana shan ruwa, ana shan magani, ana shan iska, ana shan wahala, duk da kalma ɗaya. Turanci kuwa kowanne da kalmarsa, kuma wanda ya ɗauki “drink” ya liƙa wa ƙwayar magani ko wahala ya yi kuskure ko da ya san fassarar. Haka “yi” ta Hausa take rabuwa biyu a Turanci, “do” da “make”, kuma a sashen cike gurbi ana yawan gwada yara a kan wannan. Maganinsa shi ne kada a koyi kalma tsirara. A koye ta cikin jimla, da maƙwabtanta. Ta fuskar furuci ma akwai wurin da ya kamata malamin Arewa ya tsaya, domin Hausa ba ta raba sautin “p” da “f” yadda Turanci ya raba su, sai “pull” da “full” su zama abu ɗaya a kunnen yaro, daga kunne kuma kuskuren ya gangaro zuwa alƙalami.

Babbar hanyar samun kalmomi, wadda babu wata da ta kama ƙafarta, ita ce yawan karatu. Dalilin a fili yake. Kalma ba ta zama a kai da gani ɗaya. Sai an gamu da ita sau da yawa, a jimloli daban-daban, kowace haɗuwa tana ƙara wani ɓangare na ma'anarta. Babu malamin da ke da lokacin shirya wa kowace kalma irin wannan haɗuwa a cikin aji, amma littafin labari yana yin haka da kansa. Wani mai bincike, Keith Stanovich, ya bayyana a 1986 yadda abin ke zama da'ira: yaron da ya san kalmomi yana jin daɗin karatu, sai ya ƙara karantawa, sai kalmominsa su ƙaru, wanda bai sani ba karatu yana gundurarsa, sai ya guje shi, tazarar da ke tsakaninsu ta riƙa faɗaɗa shekara bayan shekara. Wanda ya shiga aji ɗaya da ɗan gibi yakan iso aji uku da babban rami.

Sharaɗin wannan karatu shi ne littafin ya kasance daidai ƙarfin yaro. Nan ne iyaye masu kyakkyawar niyya kan yi kuskure, su sayo littafi mai nauyi suna ganin shi zai fi amfani, yaro ya buɗe shafin farko ya ajiye. Akwai gwaji mai sauƙi: ya karanta shafi ɗaya yana ƙirga kalmomin da bai sani ba. In sun wuce huɗu ko biyar, littafin ya yi masa tsauri a yanzu, a nemo wanda ya fi sauƙi ba tare da an kunyata shi ba. Labaran da aka gina a ƙasar da yaro ya sani sun fi saurin kama shi, domin rabin ma'anar tana hannunsa tun kafin ya fara. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, ya rubuta wa matasa gajerun littattafai da labaransu suka faru a Arewa, kamar The Passport of Mallam Ilia na 1960. Chinua Achebe ma ya rubuta wa yara Chike and the River a 1966. Irin waɗannan, da littattafan da aka sauƙaƙa Turancinsu mataki-mataki, da shafin jarida, duk abinci ne. Minti ashirin kowace rana ya fi sa'a uku ranar Asabar. Makarantar da ba ta da laburare tana iya farawa da akwati ɗaya a kowane aji, littattafai talatin ko arba'in suna zagayawa hannu zuwa hannu, monita yana rubuta sunan wanda ya ara.

Karatu shi kaɗai yana da jinkiri, shi ya sa ake haɗa shi da koyo na gangan. A nan abokin gaba shi ne mantuwa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna ta a kansa ya wallafa sakamakon a 1885. Ya gano cewa mafi yawan abin da mutum zai manta yana zubewa ne cikin sa'o'in farko da ranar farko, daga nan zubar ta ragu, kuma duk lokacin da aka koma aka yi bita, abin yana ƙara daɗewa kafin ya gushe. Ma'anar wannan ga ɗalibi ita ce kalma hamsin da aka cusa a kai dare ɗaya ba za su kai mako ba, amma kalma biyar da aka duba yau, aka sake dubawa gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako, za su zauna. A 2006 kuma wasu masu bincike, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun nuna cewa ɗaliban da suka rufe littafi suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Ƙoƙarin tunowar shi ne ke kafa abin.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan tsari. A makarantar allo almajiri yana rubuta darasinsa, ya biya wa malam, ya yi ta maimaitawa, ba ya wanke allo sai karatun ya zauna, sannan ba a barin na baya ya kwanta, ana komawa kansa da tilawa a kai a kai, da ka, ba tare da duba rubutu ba. Bita mai tazara ke nan, da tunowa ba tare da kallo ba, abubuwa biyun da bincike ya tabbatar. A karatun zaure kuma malam yana karanta jimlar Larabci ya fassara ta da Hausa kalma bayan kalma, masu neman lugga har sukan karanci Muƙamat na Hariri domin tarin kalmomin da ke cikinsa. Abin takaici ne a ce yaron da ke yin wannan da asuba da yamma, in ya sa kayan makarantar boko ba wanda ya nuna masa cewa dabarar da ya riga ya iya za ta yi masa aiki a kan Turanci. Gyara ɗaya kawai ake bukata: kada a haddace sautin kalma a bar ma'anarta da yadda ake aiki da ita.

Hanyar aikata wannan ba ta cin kuɗi. Sebastian Leitner, wani marubucin kimiyya a Jamus, ya bayyana ta a 1972. A yanka kwali ƙanana-ƙanana. A gaban kowanne a rubuta kalmar, a bayansa a rubuta ma'anarta da Hausa da jimla guda da ta fito a ciki. A sami gwangwani uku. Sabon kati yana shiga na farko, wanda ake dubawa kullum. In yaro ya tuno ma'anar kafin ya juya katin, sai ya ci gaba zuwa gwangwani na biyu, wanda ake dubawa bayan kwana uku, daga nan zuwa na uku, na mako-mako. Duk katin da ya kuɓuce masa, ko daga ina yake, ya koma na farko. Ta haka lokacinsa yana tafiya ne a kan kalmomin da ke ba shi wuya. Yara biyu ko uku suna iya yi wa juna tambaya, abin ya zama kamar wasa. Lissafin ribar kuwa mai sauƙi ne. Kalma uku a rana, kwana biyar a mako, mako 30 a shekara, ya ba da 450. Daga aji ɗaya zuwa aji uku ya zama 1,350, ban da waɗanda karatu ya kawo. Da yayyafi kogi kan cika, amma sai an fara tun aji ɗaya. Wanda ya jira zangon ƙarshe na aji uku ya riga ya bar mafi yawan wannan adadi a baya.

Akwai kuma dabarar da ke ninka abin da aka tara, ita ce sanin ginin kalma. A darasin Hausa ana koya wa yara saiwar kalma da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya. Sun san daga noma ake samun manomi, daga ɗinki maɗinki, daga buɗewa mabuɗi, daga karatu makaranta. Turanci ma haka yake gina nasa, kuma wani bincike da aka yi a kan littattafan makaranta a Amurka a 1989 ya nuna cewa ɗafa-goshi huɗu kacal, wato “un” da “re” da “in” da “dis”, su ne ke kan fiye da rabin kalmomin da ke da ɗafa-goshi. Uku daga cikinsu galibi korewa suke yi, “re” kuma maimaitawa. Ta wajen ƙeya, “er” takan nuna mai aikatawa kamar yadda “ma” ke yi a Hausa, “less” rashi, “ful” cika. Yaron da ya san “care” ya kuma san waɗannan, ya sami “careful” da “careless” da “carefully” a kyauta. Sai dai a gargaɗe shi cewa ba kowane “in” ko “re” ne ɗafi ba, dole ya duba ko abin da ya rage bayan an cire shi kalma ce mai ma'ana, ya kuma gwada fassarar a cikin jimlar.

Ƙamus kayan aiki ne da sai an koya wa yaro riƙe shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ma'anar farko a rufe littafi, alhali wadda ake nema tana iya zama ta uku. Ƙamus ɗin da aka rubuta domin masu koyo, irin na A. S. Hornby wanda kamfanin Oxford ke bugawa, ya fi dacewa domin yana kawo jimlolin misali. Na Turanci zuwa Hausa ma yana da gurbinsa, kamar wanda Neil Skinner ya yi a shekarun 1960 da wanda Roxana Ma Newman ta fitar a 1990. A lokacin karatun nishaɗi bai kamata a tsaya a kan kowace baƙuwar kalma ba, domin hakan yana kashe daɗin labari. A ja mata layi da fensir, a gwada cankar ma'anarta daga abin da ke gabanta da bayanta, in an kai ƙarshen babi a duba ƙamus a ga ko an dace. Wannan atisaye shi ne ainihin abin da za a bukata a ɗakin jarrabawa, inda babu ƙamus.

Game da matsayin Hausa a cikin wannan aiki, akwai al'adar da ta daɗe a wasu makarantu ta cin tarar yaro ko dukansa in an ji shi yana magana da harshensa, wai banakula. Niyyar ita ce a tilasta masa Turanci, amma abin da takan haifar shi ne yaro ya yi shiru, wanda ya yi shiru kuwa ba ya tambayar abin da bai gane ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare ana koya musu Turanci a matsayin darasi, ya nuna cewa ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Yaron da ya fahimci abu da harshensa suna kawai yake nema masa a sabon harshe. Malamin da ya ɗauki daƙiƙa goma ya ce “evaporation” shi ne abin da ke faruwa in an shanya wanki ruwan ya bi iska, sannan ya koma Turanci ya sa yara su gina jimla da kalmar, bai ɓata darasinsa ba. Kuma wannan aiki ba na malamin Turanci kaɗai ba ne. Malamin lissafi da na kimiyya da na zamantakewa kowannensu ya fi kowa sanin kalmomin da ke kayar da yara a darasinsa, minti biyar a farkon darasi ya ishe shi ya fito da biyu ko uku. A aji mai cunkoso, kwali a bango da kalmomin mako a rubuce da manyan baƙaƙe yana yi wa yara bita ko malam ba ya nan.

Iyayen da ba su yi boko ba sukan ɗauka ba su da abin yi a nan, alhali suna da shi. Uwa tana iya cewa 'yarta ta ba ta labarin abin da ta karanta yau da Hausa. In ta iya mayar da shi, ta fahimta. In ta kasa, an gano da wuri. Uba yana iya karɓar katunan ya riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yaro yana faɗin ma'ana, in yana karanta Hausar boko ma ya duba bayan katin ya tabbatar. Sai kuma abin da ya fi komai tsada a gidaje da yawa, wato lokaci da haske: rabin sa'a da aka ɗauke wa yaro aike ko talla, da fitilar da zai gani da ita. 'Ya'ya mata sun fi rasa wannan rabin sa'a saboda aikin gida, kuma ya kamata a faɗi haka a fili. Labaran Turanci na rediyo ma suna taimakawa, musamman in yaro ya riga ya ji labarin da Hausa, domin ya san abin da ake magana a kai, kunnensa sai ya koma kan kalmomin.

In jarrabawa ta matso, tambayoyin shekarun baya suna da amfani, amma ba ta hanyar haddace amsoshinsu ba. Amfaninsu shi ne a bi su da fensir a fitar da duk kalmar da ba a sani ba, har da waɗanda ke cikin amsoshin da ba daidai ba, a mai da su katuna. A sashen da ake neman kalma mai ma'ana kusa da wadda aka ja wa layi, ko kishiyarta, matakin farko shi ne a tabbatar wanne daga cikin biyun aka nema, domin a tambayar kishiya sau da yawa akan saka mai ma'ana ɗaya cikin zaɓin, yaro mai gaggawa ya cafke ta. Mataki na biyu a ɗauki kowane zaɓi a sa shi a gurbin kalmar a karanta jimlar, a zubar da waɗanda ba su zauna ba. A insha'i da rubutun wasiƙa kuma akwai jarabar da ya kamata a yaƙa, ta haddace manyan kalmomi don burge mai duba takarda. Kalma mai nauyi da aka ajiye inda ba wurinta ba tana rage maki, jimla mai sauƙi da ta fita daidai tana ƙara shi.

Takardar Hausa ita ma tana bukatar shiri, ko da yake yara da yawa suna raina ta suna ganin harshensu ne. Hausar jarrabawa daidaitacciya ce, tana da ƙa'idojin rubutu, ana bambanta baƙaƙe masu lanƙwasa da marasa lanƙwasa, ana duba raba kalma da haɗa ta. Ana kuma tambaya a kan karin magana da al'adu da sana'o'in gargajiya, kuma yaron birni na yau yana iya kai aji uku bai taɓa ganin zuga-zugi ko uwar maƙera ko awartaki ba, bai san ƙoshiyar masaƙa ba. Hanyoyin da aka bayyana duk suna aiki a nan ma: karanta littattafai irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, zama da tsofaffi da masu sana'a a tambaye su sunayen kayan aikinsu, da duba Ƙamusun Hausa wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero ta wallafa a 2006, wanda yake bayyana kalmomin Hausa da Hausa.